Ranar da Muka Auna Elsie a Gidan Tarihi

Jama'a, yau saura ƙiris a sa ni cikin masu ɓarnar kayan tarihi, ni da ban taɓa taɓa kayan kowa ba sai gashin tumakin da aka biya ni in aske. Ku yi haƙuri da ni, tun safe bakina ya ƙi rufuwa.

Jikata Elsie bakwaini ta zo duniya, 'yar firit kamar ɗan zomo. Uwarta, wato 'yata Narelle, duk ta bi ta rame da tunani. Nonon nan yana isarta kuwa? Gaba yarinyar take yi ko baya? Sikeli ne kaɗai zai raba gardama, shi kuwa yana ɗakin awon jarirai na garinmu, wanda kakanninmu mata suka gina da cinikin kek da saƙar safa, zamanin da gudawa ke kwashe jarirai duk bazara. Duk wanda ka gani a garin nan, da mai sanƙo da mai tumbi, a kwandon sikelin nan aka fara sanin nauyinsa.

To manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, bara suka rufe ɗakin, wai don inganta aiki. A madadin nas aka ba mu lambar waya. In ka kira, wata murya ta ce latsa ɗaya, sannan ta sa maka kiɗa. Narelle ta ce, "Baba, ko a kan wayar zan kwantar da ita su auna?" Asibiti mafi kusa kuwa sai ka ƙona rabin tankin mai kana kauce wa dabbobin kangaru a hanya, ka isa a ce ka dawo wata mai zuwa.

Maƙwabcina Merv ya leƙo ta saman shinge. "Kawo ta rumfar aski, mutumina, mu ɗora ta a sikelin ulu."

Na ce, "Merv, sikelin naka da bai san da zaman duk abin da bai kai rago ba?"

"To ka rungume ta ka hau, sai mu cire nauyinka."

"Nauyin nawa da ke canzawa da kowace loma?"

Ana haka sai ga albishir: Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, wato babban jami'in gwamnati mai buɗe gine-gine, zai zo bikin cikar ɗakin shekara ɗari, an mai da shi Gidan Tarihin Uwa da Jariri. An sha fenti, an shimfiɗa jan kafet, ga kek hawa uku. Merv ya rantse allon tagullar da aka kafa a ƙofa kaɗai zai riƙe nas shekara guda. Ba a kira mu ba, amma bikin farar kaza, balbela ba gayya. Muka naɗe Elsie muka tafi.

Ga sikelinmu can bayan jar igiya, an kwantar da 'yartsana a kwandon. A gefensa an ajiye Sista Dulcie, tsohuwar nas ɗinmu, a keken guragu, da fure a ƙirji, ita ma ta shiga kayan kallo. Mai Girma yana tsakiyar rantsuwa cewa ba za su taɓa mantawa da iyaye mata ba, Dulcie ta hango mu.

"Kai Clarrie, me ka tsaya kana zare ido? Tsallako da ita. Fitar min da 'yartsanar robar nan."

Wanda Dulcie ta taɓa yi wa allura ba ya yi mata musu. Na tsallake igiya, na miƙa wa Mai Girma 'yartsana, ya karɓa bai ma sani ba. Wani saurayi mai kati a wuya ya taso a guje. "Yallaɓai, ba a taɓawa!"

Dulcie ta ce, "Zauna, ɗan nan. Kai ma a nan na auna ka, kuma sai da aka wanke kwandon."

Na kwantar da Elsie a kwandon. Dulcie ta tambayi Narelle nauyin da aka sallamo su da shi daga asibiti, ta shiga tura ƙarfen awo da yatsa. Ba zan ɓoye muku ba, na kasa duban 'yata.

"Ta ƙaru, 'yar nan. Ba da yawa ba, amma ta ƙaru. Nononki lafiya lau. Ki dawo da ita mako mai zuwa."

Narelle ta fashe da kuka, ni na cilla hula sama, Merv ya rungume mai kati har ya ɗaga shi daga ƙasa. Kafin ka ce kwabo, mata sun ja layi da jarirai har bakin titi. Mai Girma, da 'yartsana a hammata, ya shaida wa 'yan jarida cewa bai taɓa ganin al'umma mai son tarihi irin tamu ba.

Yanzu dai gidan tarihi zai riƙa buɗewa duk Talata, Dulcie kuma ta amince ta riƙa yi wa baƙi bayani kyauta. Elsie za ta koma ziyara. Sai dai don Allah, in kun haɗu da manyan, ku ce musu kallo kawai muke zuwa yi. Ranar da suka gane wurin yana da amfani, kwaɗo za su sa masa.