Jarumin Ingila Mai Gudun Duniya

Zaman Alƙahira ya sa hannuna ya saba buɗe kowane littafi daga dama, irin na Larabci. A kasuwar tsofaffin littattafai na tsinci wata mujallar zane ta Ingila, bangonta duk ya yage. Na karance ta tas a jirgin ƙasa na metro, na iso ɗakinmu na unguwar Abbasiya ina jin kaina masani.

Bayan la'asar na zaunar da abokan zamana, Sani da Usman Basudane, na gyara murya.

"Ku dubi hikimar marubucin nan," na ce. "Jarumi ya fara yana shawagi a sama da alkyabba, mugu yana kurkuku, jama'a na tafi. Sai ga mugu a waje, jarumi ya tuɓe alkyabba, ya ƙare ramammen akawu yana shan shayi. Wannan ai gudun duniya ne tsantsa. Har mai zanen ya rage masa ƙwanji shafi bayan shafi."

Usman ya karɓi mujallar, ya juya ta a hankali, ya ɗora yatsa kan lambar shafi.

"Ma'alish, yi haƙuri, Shehu. Turawa daga hagu suke farawa."

Na dage cewa nawa karatun ya fi zurfi. Sani ya yi dariya har da hawaye.

Har yau idan muna kallon ƙwallo aka hura tashi, sai Sani ya juyo cikin ladabi ya ce, "Shehu, a naka karatun yanzu za a fara, ko?"