Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Kano da Bazara, Ka Kwana a Dakoro

Kai da ka daɗe kana ba mutane labarin Katsina da Kano alhali ƙafarka ba ta taɓa wuce Kornaka ba, matso kusa. Tunda Nasara ya tattara ya bar mana ƙasa, motoci sun yi yawa, kowa yana marmarin leƙa Ingila, wato Najeriya, kuma ba da jimawa ba wani zai ce ka raka shi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za ka tsara tafiyar ƙasa biyu, a yi maka guzuri, a yi maka addu'a, ka kuma kwana a ɗakinka da mutuncinka. Duk wanda ya bi su ya dace, ban da mutum guda, Jimrau mai awon hatsi. Shi ma za ka ga inda ya kauce.

1. Zaɓi bazara

Kada ka kuskura ka ce da kaka za ka tafi. Hanya a bushe, rumbu a cike, me zai tsare ka? Bazara ce taka, don damina na biye da ita. Ruwan farko na sauka Gulbin Kaba zai kawo, hanyar Maradi ta yanke, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona. Aikinka kawai ka ja shiri har hadari ya haɗu.

Jimrau ya san da haka. Wurin hirarsa rumfar Agali ce, wani tsohon Buzu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan raƙuma a ayari, ya dawo yana dafa shayi a bakin kasuwa. A rumfar nan kofin farko, mai ƙarfin, na Jimrau ne, don shi ne wanda ya ga duniya. Duniyar kuwa a bakin masu kamiyo, manyan motocin kaya, ya tsince ta, yana yi musu awo yana kasa kunne. Sai yanar ido ta rufe wa Agali gani, aka ce masa a Kano akwai likitan da ke cire ta. Tsohon ya ce shi hanyar raƙumi ya sani, ta mota kuwa ba kamar Jimrau, shi zai ja masa gora. A gaban jama'a ya faɗa. Jimrau ya kurɓi shayinsa ya ce da bazara, in Allah ya kai mu.

2. Zana hanya a ƙasa

Guji takarda, ana ajiye ta. Ɗauki kara ka zana a rairayi inda awaki za su share kafin la'asar. Ga Dakoro, ga Maradi, ga Ɗan Isa bakin iyaka, a tsallaka Jibiya, a kwana Katsina, a shiga Kano. Kowane zango ka ba shi abin ci da abin tsoro. Gobe ka zana wata, ka ce komawa ta Daura da Damagaram ta fi. Hanya in ta zama biyu sai an yi shawara, shawara kuwa ba ta san sauri ba.

A nan Jimrau gwani ne. Sai da ya raba rumfar gida biyu a kan inda ya kamata a kwana, har Bubakar mahauci ya yi fushi saboda an tsallake Daura, shi da ba ya cikin tafiyar.

3. Karɓi guzuri, karɓi saƙo

Duk wanda ya ji za ka tafi zai kawo abin hanya, ya kuma ɗora maka saƙo. Karɓi duka da hannu biyu. Saƙon turare, na kwanon sha, na maganin baya, amsarsu ɗaya ce, "to". Guzuri kuwa ka ci. Zafin bazara ba ya barin gumba ta daɗe, kuma barin abinci ya lalace alhaki ne. Furera, matar Jimrau, ta daka gumba ta sake dakawa, dangin Agali suka aiko da cuku daga Tagriss, Bubakar ya huce ya kawo kilishi. Tafiya ba ta taɓa yi wa mutum ƙiba irin wadda Jimrau ya yi a wannan shekara ba.

4. Kushe motoci

Kowace kamiyo ta tsaya a tasha, zagaye ta a hankali kana girgiza kai. Wannan tayarta ta sude. Waccan sofer ɗinta, wato direba, idonsa ja ne. Ta uku awaki ta ɗauko, ba za ka haɗa dattijo da awaki ba. In motoci sun ƙare ka koma kan takardar ƙetare iyaka, ka ce jandarma ya ce a dawo. Duk lokacin nan ido ɗaya na kan gabas.

5. Kada ka amince wa sama

A nan shirin ke da rauni, ba zan ɓoye maka ba. A shekarar Jimrau hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Da aka fita roƙon ruwa shi ne a sahun gaba, yana kuka har gemunsa ya jiƙe, dattawa suna ta yaba tsoron Allah irin nasa, mutumin da ko gonar kirki ba shi da ita. Ruwa bai zo ba.

Agali ya gaji. Ya yi magana da wani sofer da ake kira Sha'ibu ba tare da ya shawarci masanin hanya ba. Wata safiya Jimrau ya fito zai tafi kasuwa, ya tarar da kamiyo a ƙofar gidansa, tsohon na zaune a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Furera kuwa ta riga ta miƙa jakarsa sama. Ita ma ta gaji da daka. Jimrau ya fara zagaya motar yana duban tayoyi.

"In ta sude ma hau, Jimrau," in ji Agali. "Ni ba gani nikai ba, ba ta dame ni ba."

6. In ka tsinci kanka a mota, yi barci

Mai barci ba a tambayarsa sunan gari. Jimrau kuwa ya zauna tsakanin sofer da Agali yana ta sharhi. Har Maradi ya sha, don abin da ya ji a bakin masu mota ya yi daidai da ƙasa. A Ɗan Isa ma ya gaida ƴan duwan masu binciken kaya kamar tsoffin abokai, suka amsa don ladabi.

Abu guda ne ba wanda ya taɓa gaya masa, saboda masu mota ba su ɗauke shi labari ba: a ƙasarmu mota dama take bi, a Ingila hagu. Suna ƙetare iyaka Sha'ibu ya karkata ya koma hagu, ga wata kamiyo ta taso daga Jibiya. Jimrau ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Ya yi salati ya cafke sitiyari ya fizga dama da dukan ƙarfin gumbar da ya ci. Allah ya kiyaye, suka gifta gaban waccan motar suka nutse cikin rairayi, geza ta tare su. Ba wanda ya ji ciwo, sai zagi da ya sauko daga saman kaya.

Sha'ibu ya kashe mota ya dube shi.

"Baba, duk zuwan da ka yi Kano, ta sama kaka bi?"

Jimrau ya ce a zamaninsu ba haka ake yi ba. Agali dai ya nemi a riƙe masa hannu ya sauka a tura motar.

7. In asiri ya tonu, san hannun da ya faɗa

Sun isa Kano. Jimrau ya ja gorar da gaske, yana tambayar hanya ƙasa-ƙasa a kowace kwana, tsohon yana yin kamar kunnensa ma ya samu yana. Likita ya buɗe masa ido ɗaya. Damina ta same su a can, da ruwa ya ɗauke suka komo ta inda suka bi, Daura ba ta gan su ba.

Rumfa ta cika don jin labari. Agali ya ce Jimrau ya kai shi ya dawo da shi, Allah ya saka masa, ya tsaya nan. Jimrau ya ji sanyi, ya gyara zama, ya fara: ai shi tun zuwansa na fari Kano... Agali ya ɗauki butar shayi daga damansa, ya ajiye ta a hagu, ya dube shi da sabon idon. Jimrau ya yi tari. Da kofin farko ya zo hannunsa, ya miƙa wa tsohon.

Haka ake yi har yau. Mutane suna cewa tafiya ta koya masa tawali'u. Ga shi yanzu ya san Kano da gaske, da rinin Ƙofar Mata da cunkoson Kurmi, amma da ya buɗe baki sai buta ta motsa.

Abin da ba ruwana da shi

Labarin iyakar nan Sha'ibu ne ya ba ni, kuma in an tambaye ni ban san shi ba. Alkawarin da na yi maka a farko ya rataya ne a kan ruwan sama, ruwa kuwa ba ni ke saukar da shi ba. In matarka ta gaji da daka, ko ka wayi gari da kamiyo a ƙofar gida, kada ka aiko mini, kada ka ambaci sunana. Hau can baya saman buhu, ka zauna a kan hannayenka.