Rasuwar Hajiya Lallaɓa, Kilomita Talatin Kafin Lyon

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda har yau baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, ni Ilya Mai Moussa, mutumin Damagaram mazaunin Stains a gefen Paris, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarmu, Hajiya Lallaɓa. Ta cika ranar Alhamis, 9 ga Fabrairu 2012, da ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, a bakin shingen biyan kuɗin hanya na Villefranche, saura kilomita talatin mu shiga Lyon. Ta rasu tana da shekara goma sha tara, bakwai daga ciki a hannuna.

Marigayiya ta sha sunaye a duniya, kuma ba duka ne na arziki ba. Matasan unguwarmu suna kiranta tacot, wato akwala. Marasa kunya daga cikinsu su ce la poubelle, kwandon shara. Amma babu wanda ya ci mutuncinta da ilimi kamar Malam Ibrahim Khalil, Bakano, ma'aikacin wata hukumar duniya a nan Paris, wanda ya yi shekara uku a Landan ya dawo da Turancin titi cike da baki. Shi ya laƙaba mata old banger, ya ce haka Ingilishi suke kiran tsohuwar mota mai tari da harbi. Ranar da ta ƙi tashi a Barbès ya ƙara mata da lemon, wai motar da aka cuci mai saye da ita. Duk da haka bai taɓa ƙin shiga ba. Da ya zauna zai ce step on it, wato in taka, alhali ya san Hajiya ba ta wuce ɗari da goma ko a gangara. Mun ƙyale shi ne saboda Bakano abokin wasa ne, kuma bakinsa ba shi da birki.

Mu dai mun shaide ta da haƙuri. Ta ɗauko baƙi daga filin jirgi ba adadi, su da akwatunansu. Ta yi jigilar buhunan shinkafa daga Goutte d'Or ba ta taɓa ƙorafi ba. Shekara biyar tana kai ni Lyon, inda jami'ata take, tana dawo da ni gida. Kowace safiya gaisuwarta ɗaya ce: kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan gurrum.

Wajibi ne in bayyana abin da ya fitar da mu cikin wannan sanyi, domin masu tambayar me ya hana mu shiga jirgin ƙasa sun yi yawa. Ranar ce aka sa mini soutenance, zaman da ɗalibi yake kare littafin digirinsa na dokta a gaban malamai biyar, ƙarfe biyu daidai. Ɗaya daga cikin malaman daga Kanada ya zo, washegari zai koma. Katin zamana a ƙasar nan kuma zai mutu ƙarshen watan. In na rasa zaman nan, babu digiri, babu aikin da aka yi mini alkawari, babu sabon kati, sai tattara kaya. Ga al'adar nan tasu ta cewa ɗalibi ne yake ciyar da malamai bayan an tashi. Matata Hassia ta yi kwana biyu tana aiki: tukunyar dambu, kilishi, ƙullin yaji, da jarkar zoɓo mai lita goma. Ga kuma Kawu Hassoumi, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku, ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Agadez don in yi karatu. Sau uku yana neman biza kafin ya samu. Bai zo kallon Paris ba, ya zo ne ya zauna a kujerar gaba ya ji an kira ni dokta. Wa zai loda wannan duka a jirgin ƙasa?

Game da ciwon ajali an yi ta maganganu, to ga gaskiya. Ranar Laraba da la'asar na sauka ni kaɗai na buɗe gaban mota. Na ga ruwan radiyate, tukunyar da ke sanyaya inji, ya yi kore-kore. Na ce wannan ƙazanta ba za ta kai mu Lyon ba, kuma ba zan bari Kawu ya leƙa ya gani ba. Na tsiyaye shi tas, na cika da ruwan famfo mai kyau, yadda ake yi wa kowace mota a gida kafin doguwar tafiya. Koren nan shi ne maganin da ke hana ruwa daskarewa. Na san haka, wallahi na sani, amma hannu ya riga kai. Kafin gari ya waye sanyi ya kai goma sha biyu ƙasa da sifili. Littafin da zan kare kuwa, shafi ɗari uku da ashirin, a kan ruwa ne.

Ƙarfe bakwai muka tashi. Sai da ta yi kir-kir-kir sau huɗu kafin ta amsa. Kawu yana gaba, Hassia da Ibrahim Khalil suna baya da tukwane. Tun kafin mu fita Paris Kawu ya fara gaya mini inda zan sa giya, Ibrahim Khalil ya raɗa wa Hassia cewa wannan shi ake kira backseat driver, mai tuƙi da baki daga kujerar baya. Ta ce masa ya duba da kyau wa ke zaune a baya. Dariyar ƙarshe ke nan da aka yi a cikin motar.

Na'urar ɗumama ciki iska mai sanyi kawai take hurawa. Kusa da Auxerre allurar zafi ta fara hawa. Na gan ta, Kawu ma ya gan ta. Da muka tsaya, tara da minti ashirin, ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta. Kawu ya kwanta a kan ƙanƙara da babbar rigarsa ta zuwa taro, ya laluba, ya tashi ya karɓi ƙullin yajin Hassia ya juye rabi a radiyate. Ya ce barkono yana toshe ƙaramar ɓula, ya yi haka a sahara ya fi a ƙirga. Kuma ta toshe. Muka yi tafiyar awa biyu lafiya, har na fara bitar jawabina a zuci.

A Beaune allura ta sake tashi. Muka cika ruwa a gidan mai, muka juye sauran yajin. Da muka doshi Mâcon, sha biyu ta gota, Ibrahim Khalil ya dafa kafaɗata, da Hausa zalla wannan karon, ya ce in ratse cikin gari in kama jirgin ƙasa, su za su biyo ni. Kawu ya ce za ta kai, shi ya san numfashin mota. Na dubi agogo, na dubi Kawu. A nan ya kamata in faɗi abin da na yi ranar Laraba, domin da ya ji, da ya san ba ƙaramar ɓula ba ce. Kunya ta riƙe mini harshe. Na wuce Mâcon.

Sha biyu da minti talatin da biyar tururi ya turnuƙe gilashi. Na lallaɓa zuwa wani ƙaramin wurin hutu, babu shago, babu kowa, famfonsa an rufe saboda sanyi. Gorunanmu babu ko ɗigo. Kawu ya dubi jarkar zoɓo. Hassia ta rungume ta a ƙirji, ta dube ni, sannan ta miƙa. Ni na riƙe, Kawu ya tsiyaya, iska tana watso mana shi a hannun riga. Lita goma Hajiya ta shanye, da sukarinsa da cittarsa.

Daga nan sai ƙamshin ƙonannen sukari, da wata sabuwar murya da ba mu taɓa ji daga gare ta ba: ƙwas-ƙwas-ƙwas. Gudu ya sauka tamanin. Sittin. Manyan motoci suna danna mana oda suna wucewa. Ido ɗaya a allura, ido ɗaya a agogo. Hassia tana ta salati ƙasa-ƙasa. Da muka iso shingen Villefranche, sandar ta ɗaga, Hajiya ta ratsa ƙarƙashinta, ta gangara da kanta zuwa gefe inda ba za ta tare wa kowa hanya ba, ta ce fuuush. Na murɗa makulli. Kir. Sau ɗaya kawai.

Saura minti hamsin. Ibrahim Khalil ya tsaya a bakin shingen da kwat ɗinsa yana ɗaga wa motoci hannu. Goma sha ɗaya suka wuce. Ta goma sha biyu wata dattijuwa ce mai kai furanni Lyon, a ƙaramar motar kaya, kujera ɗaya tak ta rage. Na ce Kawu ya shiga mu matsu, matar ta ce doka ba ta yarda ba. Kawu ya tura ni ciki da hannunsa, ya ce, "Tafi, Ilya. Direba ba ya barin mota a hanya." Ya rufe ƙofar.

Na shiga zauren biyu da minti tara, shugaban zaman ya riga ya fara tattara takardunsa. Na kare littafina da hannun riga ja-ja-wur da zoɓo. Awa uku suna tambaya ina amsawa, duk sanda na ɗaga kai sai in ga kujerar gaba babu kowa. An ba ni digirin. Malamai suka sha ruwan famfo suka watse. Takarduna yanzu suna hannun hukuma, aikin kuma na fara.

Kawu ya iso ƙarfe shida a motar janwe, an kulle zauren. Ya kama hannuna biyu, mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya ce in yafe masa, shi ya kashe motar da zoɓo, shi ya hana ni sauka a Mâcon, saura ƙiris ya ɓata mini shekara biyar, tsufa ya kama shi bai sani ba. Ni kuma, dokta sabo fil, na ce, "Ba komai, Kawu." Washegari bakanike ya nuna mini tsagar da ke jikin injin, tsawon tafin hannu. Ya ce aikin ƙanƙara ne, motar nan da mutuwarta ta baro Paris, yaji da zoɓon nan su suka kawo mu inda muka kawo. Ni kaɗai na ji wannan bayani. Kawu ya koma gida ranar 19 ga wata, kuma an ce mini tun da ya sauka ko gaban mota bai ƙara buɗewa ba.

Marigayiya ta bar tayar safaya ɗaya, da jak na aro wanda mai shi zai iya zuwa ya karɓa, da makullai biyu, da mu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe, a makabartar motoci da ke bayan Villefranche. Ba za a yi mata wanka ba, ruwan da ta sha a hannuna ya isa. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu da ke Stains ranar Lahadi bayan azahar. Ba a neman gudummawar kowa, sai abu guda. Duk wanda yake da tafiya Damagaram a wannan wata, don Allah ya ɗauki takardar nan ya kai unguwar Birni, ya zauna ya karanta wa Kawu Hassoumi, domin ba ya karatun boko. Ya karanta a hankali, kada ya tsallake ranar Laraba. Sau uku ina kiransa don in faɗa da bakina, muna gama gaisuwa sai in ce ina gaida mutanen gida, in kashe wayar.

Sanarwa daga Dokta Ilya Mai Moussa, a madadin iyali.