Ranar da Munka Yi wa Benci Fifita

Jama'a, ni da na saba yi wa albasa ban ruwa, jiya benci na wuni ina yi wa fifita.

Ga yadda anka yi. Labari ya iso garinmu, nan gefen Goronyo, wai wani babban Bature zai biyo rangadi. Sai Mai Girma Sarkin Gaggawa, Allah shi ƙara mai sauri, ya ce a haɗa sabon bencin da baƙon zai zauna. Halliru kafinta ya haɗa, ya shafe shi da baƙin man nan na maganin gara. To, ko Inno mai fura ta san katakon da ya sha man nan sai an jingine shi inuwa makonni, ya tsotse, kana fenti ya kama. Mai Girma ma ya sani. Amma ya ce katako ba ya cikin masu faɗa a ji a ƙasar nan, a shafa koren fenti yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji mutanen da, amma su ba su yi zamani da Mai Girma ba.

Fenti ya ƙi bushewa, mai na ta ɓullowa kamar zufar jaki. Sai anka yi shela kowane gida ya ba da namiji guda da mahuci. Munka baro fadama, munka kewaye benci kamar majinyaci.

Maƙwabcina Mode ya raɗa mini, "Wai mi muke yi haka?"

Na ce aikin hukuma na. Ya ce albasarsa na can tana mutuwa da ƙishi. Na ce ya yi haƙuri, ita Bature ba zai zauna kanta ba.

Bature ya iso, ya shinshina benci, ya sa kukunsa ya warware masa kujerar da yake yawo da ita. Don kada a ji kunya, Mai Girma ya tattara farar babbar rigarsa ya zauna da kansa. Anka gama jawabi, kowa ya miƙe ban kwana, shi kaɗai ya ƙi motsi, sai murmushi. Tafinta ya ce Bature ya yaba, wai bai taɓa ganin mai riƙon wurin zamansa haka ba.

Da mota ta ɓace munka taru munka ɓamɓare shi. Bayan riga dai ya zaɓi zama da benci.

An yi bincike, don hukumarmu ba ta wasa. An gano laifin na masu fifita ne, hannunmu ba ƙwari. Gobe za a sake fenti, mu koma. Albasar Mode ta kwanta, tawa na kan hanya.

Da na koma gida, Ma'u mai ɗakina ta ce tun da anka ɗaura mana aure ban taɓa yi mata fifita ba. Na ce ta sha man gara tukuna, a shafa mata kore, sai ta jira shela.