Rasuwar Dattijon Ɗakin Ƙasa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya ƙagar, ni Arvid Lindgren, a madadin matata Marlys da iyalinmu na garin Duluth, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar murhun da ke ɗumama mana gida, wanda muke kira Dattijo. Ya cika ranar Talata a ɗakinsa na ƙarƙashin gida, tsakiyar Janairu, lokacin da aka fi bukatarsa. Bai taɓa saɓa alkawari ba sai wannan karon, kuma ba laifinsa ba ne.

Marigayin ya riga mu shiga gidan nan. Shekara ashirin da 'yan kai yana aiki, bai nemi hutu ba, bai nemi yabo ba. Gas kaɗai yake ci, sai matatar iska da nake canza masa da hannuna duk wata. Idan zai tashi aiki sai ya ce "tak, tak, tak," ya ja numfashi, ya ce "fuuum," ɗumi ya bi ɗakuna. Iyakar maganarsa ke nan. Na san mazaje a cocinmu da suka fi shi surutu, ba su taɓa ɗumama kowa ba.

Ciwon ajalinsa ya shigo ta ƙofar gaba, riƙe da jaka da sandunan kamun kifi. Duane ne, ƙanin matata, da matarsa ta kora tun kaka. Ya ce mako biyu zai yi. Muka ba shi ɗakin ƙasa, maƙwabcin marigayin. Wai numfashin Dattijo na hana shi barci, sai ya jingina tsohuwar katifa a kafar da marigayin yake jan iska. Ya bi ɗakunan sama ya rufe rabin kafofin ɗumi don zafin ya taru a wajensa. In na ɗauke katifar, ina juya baya ta koma.

A ƙirjin kowane murhu akwai ƙarfen da ke raba hayaƙin wuta da iskar da mutane ke shaƙa. Idan iska ba ta ratsa shi ba, sai ya yi jajir, ya huce, ya sake yin jajir, har ya tsage. Haka aka shaƙe Dattijo a hankali. "Fuuum" ɗinsa ya koma "ƙwas, ƙwas." Ran nan na'urar gargaɗin hayaƙi ta hau kuka. Mai gyara ya zo ya haska cikinsa, ya rufe gas, ya rataya masa jan kati, ya ce, "Mista Lindgren, sai haƙuri. In na kunna shi, sanarwar rasuwarku za a rubuta, ba tasa ba."

Ban razana ba, domin duk wata ina biyan wani kamfanin garantin kayan gida, wanda ya yi alkawarin maye gurbin duk abin da tsufa ya kashe. Tsufa fa, ban da kisa. Bayan na kai musu kukana, suka bugo waya ina waje ina kwashe dusar ƙanƙara, Duane ya ɗauka. Ma'aikaciyar kamfanin ta tambaye shi ko akwai abin da ke tare wa murhun iska.

"Haba 'yar'uwa, ai ni na fi kowa kula da shi," in ji shi. "Har katifa na jingina masa, kada iska ta dame shi."

Matar ta yi masa godiya sosai. Washegari suka ce ko sisi ba za su biya ba. Kamfanin kura ne, kowa ya san halin kura. Amma wanda ya kai mata akuya har bakin rami, kada ya ce an zalunce shi. Darasin a nan guda biyu ne: ka karanta ƙananan rubutun da ke cikin takardar yarjejeniya, kuma kada ka bar suruki kusa da waya.

Na ce Duane ya tattara. Marlys ta ce, "Arvid, ƙanina ne fa. Ina za shi cikin wannan sanyi?"

Na ce, "Sanyin da ke waje shi ne a ciki, uwargida. Shi ya shigo da shi."

Ba ta kula ni ba sai da bututun banɗakinta ya daskare, furannin da ta gada daga mahaifiyarta suka langaɓe a taga. Da kanta ta hauro da jakarsa.

Marigayin ya bar tukunyar ruwan zafi, abokiyar zamansa, da injin wanki, da kyanwarmu da har yanzu take kwanciya a kafar ɗumi tana jiransa. Kuɗin da nake tarawa na kwalekwale za su bi shi ba da jimawa ba, don sayen magajinsa.

Za a fito da gawa ranar Asabar da hantsi, zuwa motar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a kicin. Kada a kawo furanni, mutuwa za su yi. A zo da abinci mai zafi, kuma kada kowa ya tuɓe rigar sanyi. Ni da maƙwabcina Wendell za mu riƙe ƙafafu. Duane ne zai riƙe kai, yana tafiya da baya, don haka shi zai fara fita. Jakarsa na jiransa a bakin titi, an kuma canza makullin ƙofa.

Mutum biyu ke nan za su bar gidan, Dattijo da Duane. Allah Ya ba mu haƙurin rashin na farkon.