Man Kaɗanya a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Kademi bikin ƙanwar Sadiƙu ba, saurayin da ke nemana a lokacin. Ranar ce mahaifiyarsa za ta fara ganina, shi ya sa na ɗora sabon takalmi mai tsini. Motar da na shigo daga Gaya ta lalace a hanya. Fasinjoji suka zauna jiran bakanike, ni kuwa na ce takawa zan yi. Gero ya fitar da kai, iska na kaɗa shi, ina tafe ina tsara waƙa a zuci (ƙafata ma tana tsara tata).

Kafin in isa, duka diddigena sun yi bororo, sun cika da ruwa tam. Ban damu ba, ai na san magani. Na laɓe bayan rumbu, na ciro man kaɗanya daga jaka na laɓta, har tafin ƙafa, don kada wani ya sake fitowa.

Aka ce Hajiya, mahaifiyar Sadiƙu, tana ɗakin amarya, in shiga in gaishe ta. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai, na taka sabuwar ledar ɗaki mai sheƙi. Sai suuu! Na zame na zauna daɓas, gwiwar hannuna ta kwaso kwanukan jere, tafin ƙafata biyu suna kallon Hajiya, suna ƙyalli. A haka na tattara zanina na durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya?"

Ta daɗe tana duban ƙafar. "Lafiya lau, 'yar nan. Waina za a toya a nan?"

Mata suka fashe da dariya. Na ce shi ke nan, ni da Sadiƙu sai a mafarki.

Amma Hajiya da kanta ta sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta wanke min ƙafar, ta naɗe da tsumma mai tsabta. "Kada ki fasa bororon. In kin koma gida ki kwance ya sha iska, ki bar wancan takalmin."

Daga baya Sadiƙu ya ce min cewa ta yi: "Yarinyar da ta faɗi gaban jama'a ta tashi ta ƙarasa gaisuwarta, kawo min ita."

Yanzu surukata ce, kuma har gobe Mai Waina take kirana. Abin da na koya? Man kaɗanya magani ne, amma iyakarsa diddige.