Mai Girma Mai Awo Ba Ya Hawa Babur

Jiya tun ƙarfe takwas na kafe babur ɗina a ƙofar wani ofishi a nan Gujranwala, na goge kujerar baya da hannun rigata, ina jiran in ɗauko Mai Girma Mai Awon Filaye. Sai bayan azahar ya fito. Ya dubi babur, ya dube ni, sannan ya ce igiyar awon tana hannun abokin aikinsa, wanda ya tafi ta'aziyya. In dawo wani makon.

Ga abin da ya kai ni can. Gidanmu za mu sayar, don mahaifiyata, Ammi, ta daina iya hawan bene. Dillalai biyu na samu. Na farko Rana Shafqat, mai ofis da kujerun fata, la'adarsa kashi biyu cikin ɗari, komai kuma a wuyansa. Na biyu wani Zohaib, mai farashi ɗaya tak: rupi dubu goma sha biyar, ya ɗauki hoton gida ya sa a intanet, sauran aiki naka. Ni da na gudu daga makaranta a aji takwas ma na san wanne ya fi araha.

Zohaib bai yi ƙarya ba. Kwana huɗu aka sami mai saye, wani ɗan kasuwar yadi, ya ba da kafin alƙalami, ya ce zuwa ƙarshen wata a mayar da takardu sunansa. Kun san al'adarmu: mai gida ya saɓa wa'adi, ninki biyu zai mayar. Ammi kuwa tuni ta kama wani gida marar bene kusa da yayata da kuɗin. Takardu kuma ba sa motsi sai Mai Girma ya zo ya auna ya sa hannu. Na kira Zohaib, cikin ladabi ya tuna mini cewa aikinsa ya ƙare a kan hoto.

Da na ba maƙwabcinmu Chacha Barkat labari a wurin mai shayi, sai da ya ajiye kofi don dariya.

"Da babur ka je, ɗan nan? Mutumin da ko masallacin layinsu a mota ake kai shi?"

Shi ya fahimtar da ni inda la'adar Rana ke tafiya: mota mai sanyi, naman karahi a gidan abincin bakin titi, da kwalin kayan zaƙi na iyalin gida. Ba wanda ke kiran wannan cin hanci, girmama baƙo ne.

Ni dai ban ga laifin Mai Girma ba. An ce motoci uku aka saya wa ofishinsu don wannan aikin, amma ɗaya na kai yara makaranta, ɗaya na kai uwargida kasuwa, ta ukun kuma tana hutawa a kan bulo tun bara. Bawan Allah da ƙafa zai yi wa talakawa hidima?

Yau da safe na sunkuyar da kai na shiga wurin Rana. Ya sa aka kawo mini shayi, ya ce la'ada tana nan kashi biyu. Na tuna masa cewa ai ni na zo da mai sayena.

"Mai saye ko a waya ka samu, ɗana. Ni sa hannu nake kawowa."

Kira ɗaya ya yi. Ƙarfe biyu mota ta tsaya a layinmu. Mai Girma bai fito ba, gilashi kawai ya sauke, ya tambayi Ammi girman gidan. Ta ce surukinta, wato kakana, ya ce marla biyar ne, a ma'aunin fili na nan. Ya rubuta marla biyar, ya sa hannu, gilashi ya koma sama.

Dillali biyu na biya a kan gida ɗaya. Ammi kuwa har yanzu tana sa wa Mai Girma albarka, wai a zamanin nan da wuya ka sami ma'aikacin da ke yarda da maganar manya.